Wa Ya Ƙirga Yaran Nan?

A cikin kowane yara dubu da aka haifa da rai a Najeriya, 132 ba sa cika shekara biyar a duniya. Wannan adadi ne da binciken ƙasa na 2018 ya fitar, kuma ya sha yawo: ministoci sun karanta shi a wajen taro, gidajen rediyo sun watsa shi, ɗaliban jami'a sun cika kundayensu da shi. Binciken da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, ya ce abin ya sauko zuwa 110. Amma ba kasafai nake jin wani ya tsaya ya tambaya ba: wa ya ƙirga yaran nan? A garuruwanmu idan jariri ya koma da hantsi, kafin azahar an kai shi makwancinsa an dawo ana karɓar gaisuwa. Babu takarda, babu rajista, sau da yawa ma babu ma'aikacin lafiyar da ya sa shi a ido. To ina aka samo 132?

Na daɗe ina cin abinci a wannan fanni, da farko a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti, daga baya kuma cikin masu bin gida-gida da takardar tambayoyi. Abin da na gani ya sa nake son kowa ya san yadda ake samar da alƙaluman nan, domin da su ake yanke shawarar inda allurar rigakafi za ta je, da inda za a tura ungozoma, da cutar da za a zuba wa kuɗi, da wadda za a ce ta dakata tukuna.

A ƙasashen da tsarinsu ya zauna da gindinsa, amsar tambayata ba ta da wuya. Ingila ta fara rajistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati a 1837, kuma wani likita mai suna William Farr ya shafe shekaru wajen arba'in yana tattara sanadin mutuwar mutane, yana jera su gunduma-gunduma, sana'a-sana'a. Bayan shekara ɗari da wani abu, masu duba rajistar suka lura cewa mutuwa ta sanadin kansar huhu sai hauhawa take yi, kuma ba wanda ya san dalili. Wasu na zargin hayaƙin motoci, wasu kwaltar tituna. Hauhawar nan ce ta sa aka ɗora wa Richard Doll da Bradford Hill aikin bincike, kuma a 1950 suka wallafa sakamakon da ya ɗora alhakin a kan taba sigari. Likitan da ke zaune a ɗakinsa ba zai iya gano wannan ba, don shi ɗaya bayan ɗaya majinyata ke shigo masa. Sai da aka tara mutuwar ƙasa baki ɗaya a littafi guda abin ya fito.

Mu ma muna da dokar. Tun 1992 aka wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, aka damƙa aikin a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sai dai a 2018 kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Ta mutuwa kuwa ta fi lalacewa, don abin da ake rubutawa bai wuce kimanin ɗaya cikin goma ba, kuma galibi sai gado ko fansho ko kuɗin banki sun tilasta wa iyali sannan su nemi takardar. Jaririn wata uku ba shi da fansho. Saboda haka tun da ba mu rubuta ba, dole aka koma tambaya.

Babban aikin tambayar shi ne Binciken Yawan Jama'a da Lafiya, wanda ma'aikata ke kira NDHS. An fara shi a 1990, aka sake a 1999, 2003, 2008, 2013, 2018, sannan na baya-bayan nan. Mutane kan ce mini, ai ba a zo gidanmu ba, ta yaya za a ce an san halin ƙasa? Nakan tuna musu da mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau. Ba ya zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya. Zura hannu yake yi ya ɗebo daga sama, ya ɗebo daga tsakiya, ya duba, ya san abin da ya saya. Sharaɗi ɗaya ne, kada ya bar mai buhun ya zaɓar masa inda zai ɗiba. A 2018 an zaɓi unguwanni da ƙauyuka kimanin 1,400 ta hanyar ƙuri'a, a kowanne aka jera gidaje duka, aka sake fitar da 30 ta ƙuri'a. Mai unguwa zai yi wa ma'aikata rakiya ya gabatar da su, amma ba shi da ikon cewa a shiga gidan wane a bar na wane. In an je ba kowa, dawowa ake yi, ba a musanyawa da gidan maƙwabci. Ta haka aka tattauna da mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49, da maza 13,311, a gidaje sama da dubu arba'in, da takardun da aka fassara zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo.

Zuciyar aikin ita ce lissafin haihuwa. Ma'aikaciya za ta keɓe da mace, su biyu, ta bi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya tun daga na fari: yaushe aka haife shi, yana raye, in ya rasu yana da wata nawa. Daga irin wannan zama dubbai ne 132 ta fito. A takarda abin kamar mai sauƙi. A kan tabarma kuwa wani abu ne daban. Na taɓa zama da wata baiwar Allah da ta doshi hamsin, na ce, "Inna, haihuwa nawa kika yi?" Ta ce shida. Muka bi shidan har ƙarshe, na ga akwai tazarar shekara shida tsakanin na biyu da na uku. Na ce, "Inna, ki gafarce ni, a tsakanin nan babu wanda ya zo da rai, ko da kuka ɗaya ya yi sannan ya koma?" Ta daɗe tana kallon ƙasa. Can ta ce, "'Yar nan, ai waɗannan ba a kai ga yi musu suna ba." Uku ne. Wabi ta yi a waɗannan shekaru, kuma a lissafinta wanda bai kai ranar suna ba ba ya shiga jerin 'ya'ya. Da na tsaya a kan shida, da takardata ta nuna macen da ba ta taɓa rasa ɗa ba.

Irin wannan yana da yawa. Akwai matan da kunyar ɗan fari ke hana su ambaton sunansa, wasu ma su tsallake shi gaba ɗaya. Akwai batun shekaru: ka tambayi mata goma, rabinsu za su ce talatin ko talatin da biyar ko arba'in, har masana sun san da wannan cunkoso a kan lambobin da suka ƙare da sifiri da biyar, suna da hanyar gyara shi. Ma'aikaciya mai wayo takan nemi madogara. Kina da cikinsa lokacin da Abacha ya rasu? An yaye ta kafin ambaliyar 2012 ko bayanta? Da azumi ne, da kaka ne, ko gero bai fitar da kai ba? Na yi imani cewa ingancin alƙaluman ƙasar nan ya dogara da haƙurin waɗannan 'yan mata da ladabinsu fiye da yadda ya dogara da kwamfutocin Abuja, kuma ina ganin ba a ba su girman da ya kamace su.

Ba tambaya kaɗai ake yi ba. Ana ɗora yara a kan sikeli, a kwantar da su a kan allon awon tsayi, a tsaga ɗan yatsa a ɗauki ɗigon jini don duba zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini. A 2018 har da gwajin amosanin jini aka haɗa, aka samu kusan yaro ɗaya cikin biyar yana ɗauke da ƙwayar AS, sannan sama da ɗaya cikin ɗari yana da ciwon sikila kansa. Mutuwar mata wajen haihuwa kuwa, tun da wadda ta rasu ba za ta ba da labari ba, 'yan uwanta ake tambaya: ku nawa mahaifiyarku ta haifa, cikin matan wa ta rasu, tana da ciki ne, wajen haihuwa ne, ko cikin jego?

Bayan an gama, sai a goge sunaye, a kuma gusar da alamar kowane ƙauye a taswira da 'yan kilomitoci don kada wani ya bi sawu ya gane gidan da aka shiga. Daga nan ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Usmanu Ɗanfodiyo zai iya neman izini ya sauke bayanan a kwamfutarsa kyauta. Nan aikin masu bincike ke farawa.

Abu na farko da suke yi shi ne fasa adadin ƙasa gida-gida, domin 132 ba ta kowa ba ce. A rahoton 2018, Jihar Ogun tana da 30 cikin dubu, Kebbi tana da 252, wato yaro ɗaya cikin huɗu. Yaran da suka samu cikakkiyar allurar rigakafi kashi 76 ne a Anambra, kashi 5 a Sakkwato. Tsumburewa, wato yaro ya kasa kai tsayin da ya dace da shekarunsa saboda daɗewa cikin rashin abinci mai gina jiki da yawan ciwo, ta kama kashi 57 na yaran Arewa maso Yamma, kashi 18 a Kudu maso Gabas. Na san akwai masu jin zafin waɗannan lambobi, suna cewa ana so ne a ɓata Arewa. Ni ma suna yi mini zafi. Amma na zauna a kan tabarmin da aka samo su, kuma matanmu ne suka faɗe su da bakinsu.

Abu na biyu shi ne neman abin da ke tafiya tare da mutuwar. Bayanan sun nuna cewa 'ya'yan matan da ba su yi makarantar boko ba suna mutuwa kusan ninki uku na 'ya'yan waɗanda suka wuce sakandare. Sun nuna cewa yaron da aka haifa ƙasa da shekara biyu bayan yayansa yana cikin haɗarin da ya ninka na wanda aka ba tazarar shekara huɗu. Wannan na biyun ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san illar kwanika, suna ma yi wa mace faɗa a kanta. Abin da ƙididdiga ta ƙara shi ne auna girman illar a ƙasa baki ɗaya. Sai dai a nan ne ake yawan zamewa. Macen da ba ta yi makaranta ba ita ce kuma galibi take ƙauye, mijinta ba shi da hali, asibiti ya yi mata nisa, ruwan shanta na rijiya ne ko na tafki. Wanne ne a ciki yake kashe yaron? Masu bincike suna da dabarar lissafi da suke kwatanta mata masu arziki iri ɗaya, a wuri iri ɗaya, waɗanda karatu ne kaɗai ya bambanta su, su ga ko bambancin ya tsaya. Ko da hakan, abin da irin wannan bincike zai iya cewa shi ne abu kaza yana tafiya tare da abu kaza. Duk ɗalibin da ya rubuta "wannan ne ya jawo wancan" daga bayanan tambaya ta rana ɗaya, ya wuce gona da iri.

Misalin da ya fi burge ni daga maƙwabtanmu ya fito. A 2012 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa wani nazari da masana suka yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Nijar. Sun haɗa binciken gida-gida na shekaru daban-daban, suka nuna cewa mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Ba su tsaya nan ba, suka bi diddigin abin da ya canja a tsakanin: ƙananan ɗakunan shan magani da aka baza a karkara, magani kyauta ga yara da masu ciki tun 2006, rabon gidan sauro, sinadarin bitamin A, cibiyoyin kula da masu tamowa, da kai yara asibiti da wuri in zazzaɓi ko gudawa ko limoniya ta kama su. Suka ƙiyasta cewa a 2009 kaɗai an ceci rayukan yara kimanin 59,000. Ƙasa ce da ba ta kai mu kuɗi ba, al'adar Maraɗi da Damagaram kuwa ita ce ta Katsina da Daura. Bayan wannan nazari, da wuya wani ya ce halinmu ne ko yanayinmu ne ya sa yara ke mutuwa haka.

Binciken gida-gida sai bayan shekara biyar-biyar yake zuwa. Abin da ake rayuwa da shi kullum shi ne rajistocin asibiti: na awon ciki, na haihuwa, na rigakafi, na masu zuwa ganin likita. Ƙarshen wata ma'aikaci zai tattara su a takarda guda ya kai ƙaramar hukuma, a shigar a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ta ƙirƙiro, daga nan jiha da tarayya su gani. A nan na fara aiki, kuma a nan na ga raunin abin. Ma'aikaciya ɗaya ita ce mai allura, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai cika manyan littattafai da suka kusa rufe teburinta. Na ga inda ake barin rubutu sai ƙarshen wata a zauna a cika da ka. Na ga inda aka ƙara adadi saboda an ce daga sama duk wanda bai cika ƙa'ida ba zai amsa tambaya. Sannan duk wanda ya tsaya a kemis, ko wurin mai maganin gargajiya, ko ya haihu a gida, ba ya cikin littafin sam, alhali a 2018 kashi 39 ne kawai na haihuwa aka yi a asibiti.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan zurfi. In ka ce an yi wa yara 800 allura, cikin yara nawa? Rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140 da ɗoriya. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Don haka kowace shekara sai a ɗauki adadin 2006 a ƙara masa kashi uku da ɗan wani abu, sannan a ce kashi 4 cikin 100 na abin da ya fito su ne jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 5 kuma masu ciki. Unguwannin bayan gari da suka cika suka batse, da ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, duk lissafi ɗaya ake yi musu. Shi ya sa za ka ga rahoton wata ƙaramar hukuma yana cewa an yi wa kashi 120 cikin 100 na yara allura, ga kuma ƙyanda tana kwantar da su.

Wannan rufa-rufa ta tonu a 2017. Rahotannin asibitoci suna nuna kusan kowane yaro ya samu allura, sai binciken gida-gida da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya nuna cewa kashi 33 ne kawai suka samu zagaye na uku na allurar Penta, a Sakkwato ma kashi 3. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafi, ta kafa cibiyar gaggawa, ta mai da hankali kan jihohi 18 da suka fi rauni, aka kuma fara gaya wa ma'aikata cewa ƙaramin adadi na gaskiya ya fi babba na ƙarya. A ganina wannan yana cikin manyan ayyukan da ƙididdiga ta yi wa ƙasar nan. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022, wanda akasarin yaran da ya kama ba su da cikakkiyar allura, ya tabbatar da cewa binciken ne ya faɗi gaskiya, ba rajistocin ba.

Cututtuka masu yaɗuwa ba sa jiran ƙarshen wata, don haka su rahotonsu na mako-mako ne, wasu ma nan take, zuwa hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC. Sanƙarau ya isa misali. A 1996 ya kama mutum sama da dubu ɗari a Arewacin Najeriya, ya kashe sama da dubu goma sha ɗaya. Gwajin ruwan ƙashin baya na shekara da shekaru a ƙasashen Sahel ya nuna cewa ƙwayar cutar nau'in A ce ke haddasa yawancin manyan annobar, sai aka ƙera masa allura ta musamman, aka fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya a 2011. Nau'in A ya kusa ɓacewa. Amma da sanƙarau ya sake tashi daga Zamfara a ƙarshen 2016, gwaji ya nuna nau'in C ne, wanda waccan allurar ba ta karewa. Kafin ya lafa a 2017 an samu mutum sama da 14,000 da ake zargin sun kamu, sama da 1,100 suka rasu. Irin waɗannan bayanai ne suka share hanyar sabuwar allura mai kare nau'i biyar, wadda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024. Haka ma maganin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba yara wata-wata da damina: lissafin asibitoci ne ya nuna cewa a yankinmu yawancin zazzaɓin shekara cikin wata huɗu yake taruwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shirin a 2012, aka fara shi a Katsina a 2013.

Duk da haka, giɓin da rashin rajistar mutuwa ya bari yana nan, kuma ya ci mu da tsada. A farkon 2010 yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Babu rajistar da ta nuna haka. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke yawon sa ido kan sanƙarau ne suka ji labari, suka ga sababbin ƙananan kaburbura. Da aka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, sai aka tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake daka da niƙa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka tafi. Da akwai littafin da ake rubuta kowace mutuwa, da wanda ke duba shi kowane mako, da ba a kai watanni ana binne yara ba tare da hukuma ta sani ba.

Shekara goma bayan haka abin ya maimaita kansa a cikin birnin Kano. A watan Afrilun 2020 masu haƙa kabari ne suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce saba. Aka shiga musu: korona ce, zazzaɓi ne, hawan jini ne, rufe asibitoci ne. Ba wanda ke da lissafin Afrilun bara da zai kwatanta. Sai da tawagar gwamnatin tarayya ta bi iyalai tana tambayar yadda kowane mamaci ya yi jinya, sannan a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya sanar da cewa an samu mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 na iya kasancewa da alaƙa da korona. Wannan hanya ta tambayar iyali alamomin ciwon ajali, likitoci su duba amsoshin su fitar da sanadi, ita ce aka yi amfani da ita a faɗin ƙasa a 2014 da 2019 don gano abin da ke kashe yara. Tana da amfani ƙwarai, amma bayan an gama binnewa take zuwa.

Hatta adadin matan da ke mutuwa wajen haihuwa, lambobi biyu muke da su masu nisa da juna. Binciken 2018 ya ce 512 cikin kowace haihuwa dubu ɗari. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke gyara lissafi don cike waɗanda ake jin an tsallake, ya ba da 1,047 a 2020, wato mata kimanin 82,000 a shekara, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa yana ƙoƙarin auna abin da ba a rubuta ba ne ta hanyarsa. Da irin waɗannan alƙaluma ma'aikatar lafiya ta fitar da ƙananan hukumomi 172 da ta ce sun ɗauki fiye da rabin mutuwar, lokacin da minista Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mabuƙata a Nuwamban 2024. In lissafin ya karkace, akwai ƙaramar hukumar da ta cancanci shiga jerin amma aka bar ta a waje. Kuma waɗanda suka fi shan wuya su ne aka fi tsallakewa: a 2018 ƙananan hukumomi 11 cikin 27 na Borno ba su shiga binciken ba saboda rashin tsaro, makiyayi mai tafiya da garkensa kuwa da wuya jerin gidaje ya riske shi.

A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Amurka ta soke kwangilar da ke ɗauke da shirin binciken gida-gidan nan, wanda tun 1984 ya gudanar da bincike sama da 400 a ƙasashe fiye da 90. Daga baya wasu masu ba da tallafi suka riƙe shi na wucin gadi. Ranar da na ji labarin, abin da ya dame ni shi ne yadda ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ta bar sanin adadin 'ya'yanta da ke mutuwa ya rataya a kan kasafin kuɗin wata ƙasa.

Ba sai mun jira Abuja ta gama komai ba. Babu suna ko jana'izar da ake yi a unguwa ba tare da liman ya sani ba, kuma da wuya ta wuce mai unguwa. A wasu jihohinmu an riga an sa masu unguwanni suna rubuta sunayen sababbin jarirai don bibiyar rigakafi, har da wanzamai a ciki, tun da su ke zuwa askin suna. Abin da nake so a ƙara shi ne littafi a kowace maƙabarta da gidan kowane mai unguwa: sunan mamaci, namiji ne ko mace, shekarunsa, ranar rasuwa, a gida ne ko a asibiti, in mace ce ko tana da ciki ko jego, in jariri ne ko da ba a yi masa suna ba. Rubuta wannan ba zai jinkirta jana'iza ko da minti biyar ba. Ma'aikacin lafiya na mazaɓa ya zo kowane mako ya kwafa, ya aika ta waya, sannan bayan an share makoki ya ziyarci wasu daga cikin iyalan ya tambayi yadda jinyar ta kasance. Abin da aikin ke buƙata shi ne littattafai, da ɗan alawus ga mai rubutawa, da man babur, da mutum ɗaya a kowace ƙaramar hukuma wanda aikinsa shi ne ya duba ko mutuwar wannan makon ta wuce ta makon jiya, ya kuma san wanda zai kira in ta wuce. Gwamnatin jiha da masarauta za su iya fara shi a ƙaramar hukuma biyu ko uku a kasafin kuɗin baɗi.